Wancan Yaron

Ranar wata Laraba ce, saura kwana tara a ɗauki azumi, a shekarar da nake aji uku na firamare, kaset ɗin Baba ya iso ƙauyenmu da ke bayan Rawayya. Wani maƙwabcinmu da ya dawo daga cin rani ne ya kawo shi a naɗe cikin leda, tare da sabulu sanda biyu da ƙullin goron Kaka. A lokacin babu waya a hannun kowa, Baba kuma bai iya rubutun boko ba, saboda haka idan kewar gida ta dame shi a can Kurmi, kudancin ƙasa, inda yake haƙar rijiya, sai ya nemi mai rikoda ya zauna ya yi magana, a kawo mana muryarsa. Bayan la'asar aka aike ni gidan Malam Isa tela na aro rediyo mai cin kaset, na rungumo ta a ƙirji ina takawa a hankali kamar na ɗauko ƙwaryar nono. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zauna a gaba ta miƙe ƙafafu. Inna ta tsaya daga bakin madafa tana yi kamar tankaɗe ne ya dame ta. Ƙanena Sani da ƙanwata Hassi kuwa suka manne wa rediyon har sai da Kaka ta ture su da gwiwar hannu.

Muryar ta fito tana rawa, ana jin ƙarar motoci a bayanta. Baba ya yi sallama, ya yi wa Kaka doguwar gaisuwa, ya gai da “mutanen gida”, wato Inna ke nan. Ya gai da liman, ya gai da mai unguwa, ya bi maƙwabta gida-gida bai tsallake ko ɗaya ba. Sai ya ce, “Ina Sani? Sani, kana jina? Ina nan tahe maka da takalmi.” Sani ya daka tsalle. Ya kira Hassi har sau biyu, ya ce ta daina kukan wanka. Ya tambaya ko jar akuya ta haihu. Ni dai ina durƙushe a gefen tabarma na kasa kunne. Can dab da kaset zai ƙare ya ce, “Wancan yaron kuma, a ce mishi shi kula da tumaki.” Rediyo ta yi ƙas, ta tsaya. Jar akuya ma ta riga ni shiga kaset.

Sunana Lawali, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. A inda na tashi, uba da uwa suna kunyar ɗansu na fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa yabonsa a gaban mutane, idan ma wani ya yabe shi sai su kau da kai kamar ba su ji ba. Abin yabo ne a wurin manya, ana cewa wane mutum ne mai kara. Inna ma ba ta taɓa kiran sunana ba, “kai” take ce mini. Amma ita kullum ina cikin hayaƙin murhunta, na san ni take ajiye wa ƙanzon tuwo a ƙarƙashin faifai, na san hannunta a goshina idan zazzaɓi ya kama ni. Baba fa? Wata bakwai ba ya gari, wata biyar ɗin da yake gari kuma idonsa kan bi ta saman kaina ya wuce. Da na kai ƙara wurin Kaka, dariya ta yi har tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, “Kai angona, wawa ne kai? Ina ka taɓa jin mutumin kirki na kiran ɗan fari? Kunya ce.” Na ce to. Amma yaro ɗan shekara tara bai san irin wannan kunyar ba. Abin da ya sani shi ne wa aka ɗaga sama, wa aka bari a ƙasa.

Ba gidanmu kaɗai ke kwana babu namiji da rani ba. Da an gama shigar da gero da dawa rumbu, an sayar da auduga, sai ka ga maza sun fara ɗaure tabarmi da 'yan jakunkuna suna bin hanyar Bunguɗu neman mota. Abin da aka noma ba ya kai mutane wata kakar, dole a tafi a rage wa rumbu baki. Cikin mako biyu gari kan koma na tsofaffi da mata da yara. Idan danga ta faɗi, ni da Inna muke tada ita, ita tana riƙe kara ni ina ɗaure igiya, sai dangar ta tsaya a karkace har damina. Idan jinkar ɗaki ta yaye, Kaka ce ke bin gidajen da suka rage da maza tana roƙo. Shekarar da ƙyanda ta kama Sani, Malam Isa ne ya bar ɗinkinsa ya goya shi a keke zuwa asibitin Bunguɗu, Inna na biye da su a ƙafa. Ranar ƙaramar sallah ma shi muke bi zuwa idi, mu 'ya'yan 'yan cin rani, mu kusan goma a bayansa kamar kaza da 'yan tsaki, muna kallon sauran yara kowa riƙe da buzun ubansa.

Kada in yi wa ƙuruciyata ƙarya, mun sha wasa. Da safe allo, da hantsi boko a ajin da rabin rufinsa iska ta ɗauke, da rana kuma daji namu ne. Mu kora tumaki fadama, mu bar su suna kiwo mu shiga haƙar gafiya, ko mu bi gonakin da aka cire gyaɗa muna kala, mu tara karmami mu gasa abin da muka samu, mu ci bakinmu baƙi ƙirin. Mu ƙera motar kara mai ƙafafun ɓawon goruba, mu yi langa har wani ya fasa gwiwa, mu buga ƙwallon tsumma a bayan makaranta. A wasan ɓuya kuwa babu wanda ya kama ƙafata. Ina iya lafewa a bayan rumbu har masu nema su gaji su tafi gida, ni ina nan ban motsa ba. Taurin kai ne da ni tun asali, Kaka takan ce da jaki aka haife ni rana ɗaya.

A filin ƙwallon nan ne wani yaro mai suna Ɗanjuma, wanda na kayar, ya tashi yana kaɗe riga ya ce mini, “Kai da ubanka bai ma san sunanka ba? Tsinto ka anka yi.” Na ba shi kashi, an raba mu da ƙyar, amma maganar ta bi ni gida. Na riƙa ɗaukar madubin Inna a ɓoye ina duba hancina da kunnuwana, ina gwada su da na Sani. Wata rana in ga mun yi kama, wata rana in ga ko kusa. Ban gaya wa kowa ba.

Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai mazan su fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Baba kan iso ya rame, hannuwansa sun yi kanta saboda diga, ya ɗaga Sani sama, ya ɗora Hassi a cinya, tsarabata kuma ya miƙa wa Kaka ya ce, “A ba wancan.” A gona ma haka muke. Ni nake bin bayansa da iri a ƙoƙo, yana sara ina zubawa ina rufewa da diddige, daga wannan kai zuwa wancan babu mai ce wa wani uffan. Idan na yi kuskure ba ya juyowa gare ni. Sai ya dubi Sani, wanda ke zaune a inuwar kaɗanya yana cin ƙasa, ya ce, “Sani, in mutum na noma, ba ya kai hauya gindin gero, saiwa yake yankewa.” Sani da ko riƙe hauya bai iya ba sai ya gyaɗa kai. Da haka na koyi shuka da noman fari da maimai, duk ta hannun Sani, shi kuwa har yau bai iya ko ɗaya ba.

A shekarar kaset ɗin nan, Baba ya dawo da niyyar sayen ɗan bijimi da zai haɗa da na wani maƙwabci su ja garma. Aka ce masa sun fi araha a kasuwar Tsafe, inda Fulani ke kawo su. Yana bukatar wanda zai taya shi riƙon igiya, Kaka kuwa ta yanke magana, ta ce ya tafi da ni. Muka fito da sassafe, muka shiga mota zuwa Gusau, muka sake wata zuwa Tsafe. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba, kafaɗata na gogar hannun rigarsa, ina jin ƙamshin sabulun da aka wanke ta da shi. Duk tsawon hanyar bai ce mini komai ba. A tashar Gusau ya sayi rake gaɓa uku ya ajiye mini a cinya yana kallon taga.

Ban taɓa ganin taron mutane irin na kasuwar nan ba. Ga kara cike da shanu, ga Fulani da sandunansu a kafaɗa, ga dillalai suna jan hannun mutane suna raɗa. Baba ya kai ni gindin wani turke kusa da mai sayar da igiyoyi ya ce, “Kai, tsaya nan,” ya shige cikin shanu. Na tsaya. Ina nan tsaye sai ga wani mutum ya zo sayen igiya da ɗansa, sa'ana. Yaron ya yi tuntuɓe, uban ya kamo shi, ya kira sunansa, ya sa bakin rigarsa ya share masa hanci yana yi masa tsiya. Ba wani abu ba ne, amma na kasa ɗauke idona daga kansu. Nan take na ƙudura a raina cewa yau sai na san matsayina. Na waiga, na hangi inda aka jibge buhunan dawa a jikin wata danga. Na sulale na shige tsakanin buhunan da dangar, na lafe. Ta wata 'yar kafa ina hangen turken sarai.

An jima sai ga Baba ya fito, fuskarsa a sake, alamar ciniki ya faɗa. Ya dubi gindin turke, ya dubi dama da hagu. Ya tambayi mai igiya, mai igiya ya watsa hannuwa. Sai ya fara zagaye. Ina jin muryarsa yana tambayar mutane, “Don Allah ba ku ga wani yaro ba, mai riga ruwan ƙasa?” Wata mai fura ta ce, “Malam, yara masu riga ruwan ƙasa ai sun fi ɗari a kasuwar ga. Mi sunan shi, mu taya ka kira?” Baba ya sunkuyar da kai, ya wuce. Can ya ɗaga murya ya ce, “Kai yaro!” Yara wajen shida suka waiwayo, har da mai tallan ruwa da ya sheƙo a guje yana tsammanin ciniki ne. Dariya ta kusa kuɓuce mini, na toshe baki.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya ɓace mini cikin mutane, ya daɗe, har aka kira azahar. Ƙafafuna suka yi tsami, gumi na bin bayana, ƙaiƙayin dawa ya ishe ni. Da ya sake bayyana sai na ga hularsa a hannu. Ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a bainar jama'a ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana duba fuskar kowane yaro da ya gifta, leɓunansa na motsi. Tsoro ya kama ni, na so in fito, amma taurin kaina ya danne ni. Ya zo dab da buhunan, har ina ganin faso a diddigensa. Ya tsaya nan ya daɗe, ya ba ni baya. Daga nan ya mayar da hularsa, ya taka zuwa tsakiyar hanya inda mutane suka fi yawa, ya dubi gabas da yamma, ya buɗe baki ya ce, “Lawali!”

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya sake cewa, “Lawali!” A karo na biyun har masu awo suka ɗago kai. Ban san lokacin da na fito ba, na dai gan ni a gabansa ina kuka da majina, ina cewa ɓata na yi. Bai tambaye ni komai ba, bai ɗaga mini hannu ba. Ya kama wuyan hannuna ya riƙe, muka je muka yi salla, muka kwance bijimi, aka loda shi a mota. Igiyar da aka kawo ni in riƙe, shi ya riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan kuma bai sake ni ba har muka sauka a Bunguɗu.

Da muka isa gida na ja Kaka bayan rumbu na gaya mata Baba ya kira sunana a tsakiyar kasuwa, har sau biyu. Ban faɗa mata ɓuya na yi ba. Ta riƙe haɓa, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Kul na ji ka faɗa wa wani. Ka rufa wa ubanka asiri.” Na kuwa rufa. Washegari muka koma gona, na koma “wancan yaron”, Sani ya ci gaba da karɓar darasin noma. Da aka gama girbi, Baba ya sake ɗaure tabarmarsa. Amma ban ƙara ɗaukar madubin Inna ba.

Yanzu ina zaune a Gusau, ina koyarwa a wata makarantar firamare. 'Yata ta fari sunanta Zainabu, kuma ina jin kafin ta gama shirin makaranta nakan kira sunan nan sau goma. Ni nake kai ta a babur, ni nake duba mata aikin gida, idan ta zo ta ɗaya a gaban kowa nake ɗaga ta. Duk ranar da Inna ta zo ta gani sai ta kau da kai ta ce, “Kai dai ba ka da ta ido.” Ba na musu da ita. Ba na kuma zargin Baba, yunwa ce ta riƙa fitar da shi, kunyar kuma gadonta ya yi. Amma ajina cike yake da yaran da iyayensu maza ba sa gida, wasu suna ramukan zinariya, wasu suna acaɓa a garuruwa masu nisa, wasu rashin zaman lafiya ya raba su da ƙauyukansu kowa ya kama gabansa. Tafiyar yanzu ma ba ta jiran kaka, ba ta dawowa da ruwan fari. Ina gane irin yaran nan tun kafin a gaya mini, da yadda suke bin bayan duk malamin da ya kira su da sakin fuska. Idan Allah ya haɗa ni da uban ɗayansu, ba na yi masa dogon wa'azi. Nakan ce, ko babu abin aikowa, ka buga waya ka ce a ba shi, ka ambaci sunansa, ka tambaye shi me aka koya masa yau.

Damina biyu kafin Baba ya rasu na je gida, na tarar da shi a zaure da hantsi yana ɓarar gyaɗar iri. Tsufa ya kama shi, idonsa ya fara rauni. Na zauna ina taya shi, sai kawai na ji ina so in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi. Na ce, “Baba, ka tuna ranar da muka je Tsafe sayen bijimi? Ba ɓata na yi ba. Ɓuya na yi, ka yafe mini.” Bai ɗago ba, ya ci gaba da ɓara. Sai can ya ce, “Na sani. Da fari hankalina ya tashi ƙwarai. Amma da niz zo wurin buhunnan ga, sai ga yatsun ƙafarka waje.” Na saki baki ina kallonsa. Ya ce, “Niyyata in jawo ka in zane ka. Sai nic ce ma raina, yaron ga ba ɓata yay yi ba, jira shikai. Nid duba ko'ina, babu ɗan garinmu ko guda.” Ya hure ɓawon da ke tafin hannunsa, ya yi ɗan murmushi. “Ni ma ɗan fari ne. Sai dai ni ban yi wayon ɓuya ba.”

Muka ci gaba da ɓarar gyaɗa har aka kira azahar, na kama hannunsa na tashe shi. Bai sake kiran sunana ba har ya koma ga Allah, ni ma ban nema ba. A da wata bakwai muke jiran murya ɗaya ta zo mana cikin leda, yanzu waya na aljihuna tana ƙara dare da rana, mutane iri-iri suna kirana Malam Lawali, muryar da nake so in ji ce kawai babu. Har yau idan na shiga kasuwa mai cika, nakan rage sauri in kasa kunne.